Me ke sa gitar bas gunji a wurin biki, ta kuma ɓace a cikin salula?

A Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, duk wanda ya saba zuwa wasan makaɗan zamani ya san wannan ƙarar: wani gunji mai kauri da ke fitowa daga manyan lasifika, waɗanda aka fi sani da baful, yana kaɗa kwanon rufi, yana cika kunne, amma ba a iya tantance muryar da ake kaɗawa. Washegari kuma in aka kalli bidiyon wasan a salula, sai a nemi bas ɗin a rasa. Jama'a kan ɗora laifin a kan kayan sauti, ko a ce gitar ce ta arha. Sau da yawa laifin na wuyan gitar ne da ba a gyara ba, da kuma tsirkiyoyin da aka bari suna kuka ba da izinin mai kaɗawa ba.

Maganar ta shafi abincin mutane. A yawancin ƙananan studiyo, da ma wuraren biki, piyano ne ke yin aikin bas. Mai studiyo ya fi son haka saboda sauƙin kuɗi, amma akwai wani dalili da ba a cika faɗa ba: piyano, da zarar an ɗaga yatsa, murya ta tsaya cak. Gitar bas ba ta tsayawa da kanta, sai an tsayar da ita. Matashin da ya iya gudu a kan wuyan gita amma bai iya wannan ba, sau ɗaya za a kira shi ɗaukar waƙa. A karo na biyu mai piyano za a ce ya ƙarasa.

Gitar bas ta lantarki ba tsohuwar aba ba ce. Leo Fender, wani maƙerin kayan sauti a jihar Kalifoniya ta Amurka, shi ya fitar da samfurin Precision Bass a 1951, sannan Jazz Bass a 1960. Har yau yawancin waɗanda ake samu a kasuwa, sababbi daga Asiya ko na hannu daga Turai, kwaikwayon waɗannan biyun ne. Tsirkiya huɗu gare ta, daga mai kauri zuwa siririya: Mi, La, Re, Sol. Tsawon sashen da ke girgiza ya kai santimita 86. Mi tana girgiza sau 41 a daƙiƙa ɗaya, abin da ake rubutawa 41 Hz. La sau 55, Re sau 73, Sol sau 98. Mai tsirkiya biyar tana da ƙarin Si da ke sauka kusan 31 Hz. Waɗannan alƙaluma za su yi amfani a gaba, domin su ne ke bayyana abin da ke faruwa tsakanin bas da wutar lantarki, da tsakaninta da salula.

Itace ne, yana jin hunturu yana jin damina

Tsirkiyoyi huɗun nan, in an ɗaure su daidai, suna jan wuyan gita da nauyin da ya kai kilo 70 zuwa 80. Abin da ke hana wuyan lanƙwashewa shi ne wata sandar ƙarfe da aka binne a cikinsa, wadda ake murɗawa ta wajen kan gitar ko ta gindin wuyan. Itacen wuyan kuwa yana shan danshi yana kumbura, yana bushewa yana tsukewa. Gitar da aka ƙera aka saita a ƙasa mai laima, in ta shigo Sahel ta haɗu da iskar hunturu a Disamba da Janairu, sai itacen ya janye. Alamar farko ita ce bakin ƙananan ƙarafan da ke gicciye a wuya, wato firet, su fara kartar hannu, don itace ya tsuke, ƙarfe bai tsuke ba. Galibi a irin wannan lokaci wuyan kan ƙara lanƙwasa, tsirkiya ta yi nisa, dannawa ta yi wuya. Da ruwa ya sauka a Yuli da Agusta sai abin ya juya: wuya ya miƙe, tsirkiya ta kwanta tana gogar firet, ana jin zizar ƙarfe. Ke nan gitar da ke zaune a Nijar tana bukatar dubawa aƙalla sau biyu a shekara, bayan shigar hunturu da bayan faɗuwar damina.

Gwajin ba ya bukatar kayan aiki masu tsada. A saita muryoyin tsirkiya tukuna, a riƙe gitar yadda ake riƙe ta wurin wasa, kada a kwantar da ita a tebur. A danne tsirkiyar Mi a gida na farko da kuma gida na ƙarshe lokaci guda. In hannu bai isa ba, aboki ya taimaka. Tsirkiyar ta zama miƙaƙƙen ma'auni ke nan. Sai a duba tazarar da ke tsakaninta da firet na 8. Abin da kamfanin Fender ke ba da shawara shi ne kusan milimita 0,3, kwatankwacin kaurin farar takarda uku in an haɗa su. In ba tazara ko kaɗan, wuyan ya miƙe da yawa, sai a sassauta sandar. In tazarar ta isa a zura kwali mai kauri, sai a ɗaure ta, wato a murɗa ta yadda hannun agogo ke tafiya.

A nan ne gitoci da yawa ke mutuwa. Ba a murɗa sandar nan kamar ana ɗaure ƙafar mota. Kwata ɗaya na zagaye ya isa, ko rabin kwata, sannan a sake saita murya, a ba itacen ɗan lokaci, a sake gwadawa. In ta cije, a tsaya, kada a sa ƙarfi. A kuma tabbatar kilen alen ɗin da za a sa ya zauna daram a raminsa: gitocin da aka ƙera a Amurka suna amfani da ma'aunin inci, na Asiya kuwa galibi milimita, kuma kile mai ɗan sako-sako yana cinye bakin ramin har ya zama ba a iya murɗa shi. Sandar da ta karye ko bakinta ya cinye, gyaranta kan fi kuɗin gitar.

Bayan wuya sai jaki. Makaɗan goge da garaya sun san wannan suna: shi ne abin da tsirkiya ke hawa a kai a jikin kayan kiɗa. Faransawa ɗan doki suke ce masa, Bahaushe ya ce jaki, kuma ga dukkan alamu Bahaushe ya fi lura da aikin da yake yi. A gitar bas kowace tsirkiya da jakinta na ƙarfe, mai ƙananan bis biyu na ɗagawa da saukewa. Ana auna tsayin tsirkiya a firet na 17: kusan milimita 2,4 a ƙarƙashin Mi, milimita 2 a ƙarƙashin Sol. Wanda ba shi da ma'auni zai iya zura kilen alen mai milimita 2,5 da mai milimita 2 a matsayin gwaji. Wannan mafari ne kawai. Mai nauyin hannu ya ɗaga kaɗan, mai lallausan hannu ya sauke. Inda zizar take fitowa ma yana nuna ciwon: in a gidaje biyar na farko ne, wuya ne ya miƙe da yawa, in daga gida na 12 zuwa gaba ne, jaki ne ya yi ƙasa, in gida ɗaya ne tak, to wani firet ne ya taso, wannan kuma aikin gwani ne.

Saura wani gyara da ake yawan tsallakewa, alhali shi ke sa mawaƙi ya riƙa harar mai bas ba tare da ya san dalili ba. Tsirkiya na iya zama daidai in an kaɗa ta a sake, amma ta karkace in an danna ta can tsakiyar wuya. Ana gane haka da manhajar saita murya, irin wadda ake saukewa kyauta a salula. A kaɗa tsirkiya a sake, a saita ta, sannan a danna gida na 12: murya ɗaya ya kamata manhajar ta nuna. In ta gida na 12 ta haura, a ja jakin baya da dogon bis ɗin da ke gindinsa don tsirkiya ta ƙara tsawo. In ta gaza, a turo shi gaba. Turnabis kawai ake bukata da haƙurin rabin awa.

Mikiro, wato maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiya suna ɗaukar girgizarta, ana barin milimita 2 zuwa 3 tsakaninsu da tsirkiya idan an danna gida na ƙarshe, ɓangaren Mi ya ɗan fi nisa. In sun matso da yawa maganaɗisun kan ja tsirkiyar, murya ta riƙa rawa.

Tsirkiya sabuwa tana da tsada, kuma ba kowane gari ake samunta ba. Gumi da ƙura ne ke kashe ta, suna shiga tsakanin zaren ƙarfen da aka naɗe ta da shi. Goge ta da busasshen ƙyalle bayan kowane wasa yana ƙara mata watanni. Tsohuwar dabarar makaɗa ita ce a cire tsirkiyoyin a tafasa su a ruwa na kusan minti 15, a shanya su bushe sarai kafin a mayar. Suna dawo da ƙara na ɗan lokaci, ko da yake ba a yi fiye da sau biyu ko uku ba tare da sun fara tsinkewa ba. Akwai kuma irin masu sumul, waɗanda aka naɗe da zaren ƙarfe mai faɗi. Ba su da ƙarar sabuwar tsirkiya, amma datti ba ya samun wurin shiga, suna shekaru, kuma yatsa ba ya ƙara idan ya zame a kansu. A ƙasa mai ƙura, sun cancanci a yi tunaninsu. Barin gita a cikin mota a rufe ko a rana a watan Afrilu kuwa, ba gyaran da ke maganinsa.

Kaɗa ɗaya, tsaron uku

Ko da an gyara komai, gunjin da aka ambata a farko ba zai tafi ba sai hannu ya koyi aikinsa. Dalilin yana cikin yadda tsirkiyoyi ke amsa wa juna. Duk suna kan itace ɗaya, don haka girgizar ɗaya tana ratsa sauran. In aka danna gida na biyu a tsirkiyar Re, murya Mi ce ke fita, sai babbar tsirkiyar Mi da ba a taɓa ba ta kama girgiza da kanta. In aka kaɗa La a gida na biyu na tsirkiyar Sol, sai tsirkiyar La ta amsa. Mai kaɗawa ya wuce zuwa wata murya, su kuwa suna nan suna kuka a ƙasa. A ɗaki, ba tare da ampili ba, da ƙyar ake jin haka. A wurin wasa, da baful yana hura iska a jikin gitar, abin ninkuwa yake yi. Muryoyi biyu masu kauri da ba su jitu ba, in suka haɗu, ba sa ba da daɗi irin na gita siririya. Laka suke zama.

Saboda haka a kowane lokaci mai bas yana kaɗa tsirkiya ɗaya, yana tsaron uku. Hannu biyun sun raba aikin. Ga mai amfani da dama, hannun dama ne ke kula da tsirkiyoyin da suka fi wadda ake kaɗawa kauri, hagu kuma yana kula da waɗanda suka fi ta siranta.

A hannun dama, yatsan da ya kaɗa ba ya tashi sama kamar mai tsinkar ganye. Yana ratsa tsirkiyar ne ya sauka a kan ta kusa da ita. Wanda ya kaɗa Re, yatsansa ya huta a kan La, ya rufe mata baki ke nan. Babban yatsa kuma yana kan Mi. Matsalar tana zuwa idan an koma Sol: yatsa ya sauka a kan Re, babban yatsa yana kan Mi, La ta zauna ba mai tsaro. Masu koyo da yawa sun saba kafe babban yatsa a kan mikiro ba ya motsi, kuma daga nan ne rabin gunjinsu ke fitowa. Mafita biyu ce. Ko babban yatsa ya riƙa bin hannu, ya sauko kan La yana jingine da Mi ta gefensa, ko kuma a kwantar da shi gaba ɗaya a kan tsirkiyoyin masu kauri yana zamewa tare da hannu duk inda ya nufa. Ta biyun ta fi wuyar sabo, amma mai gita mai tsirkiya biyar ba shi da makawa daga gare ta, don babbar Si ba ta bukatar a taɓa ta kafin ta fara ruri.

A hannun hagu, yatsun ba sa tsayawa a tsaye kamar na mai gitar solo. Manuniya tana ɗan kwantawa, cikinta yana shafar siraran tsirkiyoyin ba tare da ya danne su ba. Akwai tarko ɗaya: in yatsa ɗaya tak aka ɗora a kan tsirkiya daidai saman firet na 5, na 7 ko na 12, maimakon ta yi shiru sai ta fitar da wata siririyar ƙara kamar ta ƙararrawa. Shi ya sa ake kashe tsirkiya da yatsu biyu ko fiye, a wurare daban.

Duk wannan share fage ne. Inda gwanintar take shi ne tsawon murya. Kowace murya tana da lokacin farawa da lokacin ƙarewa, kuma masu koyo na farkon kawai suke lura da shi. Tsayar da murya ana yin sa ne ta sassauta yatsan hagu ba tare da an ɗauke shi daga tsirkiya ba, ko ta ɗora yatsan dama da zai kaɗa ta gaba. Makaɗin ganga ya san wannan tun kafin a ƙera gita: bugu ɗaya ya bar fata ta yi amo, na gaba ya danne ta da tafin hannu. Mai kiɗan ƙwarya a takamba ma haka, dunƙulen hannu ya ba da kauri, yatsu su ba da ƙwas-ƙwas, tsakaninsu kuma akwai gurbi. In bas ta cika wannan gurbin da dogon amo, masu rawa ba su samun inda za su sa ƙafa. A kiɗa mai sauri irin na ƙungiyar Tal National ta Yamai, wadda aka sani da wasan da kan kai awa biyar a dare ɗaya, gitoci suna saƙa a sama, ganguna suna gudu, murya mai tsawo a ƙasa ba ta da wurin zama. Gajerun muryoyi masu tsabta ne ke riƙe tafiyar, tare da waɗanda ake kira matattun muryoyi, inda ake kaɗa tsirkiyar da aka riga aka kashe don ta ba da bugu kawai kamar na ganga.

Masu sauraron rege sun san ɗayan gefen. Aston Barrett, wanda ake wa laƙabi da Family Man, mai bas na Bob Marley da ƙungiyar Wailers, ya rasu a Fabrairun 2024. Wanda ya saurari aikinsa da kunnen basira zai ji cewa yakan bar wuri fayau a inda kowa ke jiran bugu, sannan ya shigo. Ba gudu yake yi ba, kuma ba wanda ke cewa kiɗan bai cika ba.

Akwai dabarun da ke taimakon hannu. Gitocin Fender na farko suna zuwa da murfin ƙarfe a kan jaki, a cikinsa an manna soso da ke danne tsirkiya. James Jamerson, wanda ya kaɗa bas a ɗimbin waƙoƙin kamfanin Motown a birnin Detroit cikin shekarun 1960, da wannan soson yake aiki, da tsirkiyoyi masu sumul da ba ya canzawa, da yatsa ɗaya kacal na hannun dama. Kowa na iya gwadawa: a yanko ɗan soson katifa, faɗin yatsa biyu, a cusa shi ƙarƙashin tsirkiyoyin dab da jaki. Murya za ta gajarta ta yi dumɓu, kusa da ta kalangu. In soson ya yi kauri da yawa yakan ɗan ɗaga murya, don haka a sake duba saiti. Wasu kuma, irin Victor Wooten na Amurka, kan sa robar ɗaure gashi a kan wuya kusa da gida na farko. Wannan tana rage kukan tsirkiyoyin da ke sake ne kawai, ba ta taɓa wadda aka danna. Gefen tafin hannu ma ana ɗora shi a bakin jaki a kaɗa da babban yatsa ko da mediyato, ɗan robar kaɗawa. Duk waɗannan ƙari ne. Wanda hannunsa bai koyi tsaro ba, soso ba zai rufa masa asiri a studiyo ba.

Hanyar gane gaskiya ita ce mutum ya ɗauki kansa. Ya kaɗa abin da ya saba a hankali, a ɗauka ko da a salula ne an ajiye gaban ampili, ya saurara da abin sawa a kunne. Abin da zai nema shi ne abin da ke tsakanin muryoyi: shiru ne, ko akwai wani abu da ke bin su a baya?

A studiyo

Yawancin bas ɗin da ake ji a faifai ba ta bi ta ampili ba. Ana sa ta kai tsaye ta wani ɗan akwati da ake kira DI, ko ta ramin kart son da aka rubuta wa Hi-Z ko Inst. In aka sa gitar da ba ta da batir a ramin da ba nata ba, muryar kan fito a dushe ba ƙarfi. Mai batir kuwa, irin tsarin da Music Man StingRay ta yaɗa tun 1976, a sa mata sabon batir mai volt 9 kafin ɗauka, a kuma riƙa cire kabul in an gama, don barinsa a jiki yana shanye batirin. Wajen ƙarfin shiga, a bar sarari: bugu mafi ƙarfi ya tsaya wajen -10 dB a ma'aunin kwamfuta. Abin da ya yi ƙasa ana ɗaga shi daga baya, abin da ya fashe ya fashe.

Sai zancen kuran. Wutar lantarki a Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma mikiro na ɗaukar wannan a matsayin wani huuu da ba ya yankewa. Muryar Sol da ke gida na uku a babbar tsirkiya tana kan 49 Hz. Ma'ana, ƙarar wutar tana zaune a tsakiyar gidan bas, kuma duk wanda ya yi ƙoƙarin yanke ta da na'ura bayan an ɗauka, zai yanke da naman kiɗan. Tun farko ake hana ta shiga. A nisanci cajar salula, fitilar neyon, fanka da na'urar daidaita wuta. Mai kaɗawa ya riƙa juyawa a kujerarsa a hankali har ya sami fuskar da ƙarar ta fi raguwa. A samfurin Jazz Bass, buɗe mikiro biyun gaba ɗaya yana kashe ƙarar, rage ɗaya yana dawo da ita. Precision kuwa tun 1957 aka raba mikironta biyu don maganin wannan. In kwamfutar ta hannu ce, cire cajarta a yi ɗaukar a kan batir yakan share matsalar nan take.

Ɓacewar bas a salula kuma ga dalilinta. Lasifikar salula ƙarama ce ƙwarai, ba ta iya fitar da 41 Hz ko 55 Hz, ko kusa. Amma tsirkiya ba murya ɗaya take fitarwa ba: tare da 55 akwai 110, 165, 220 da sauransu zuwa sama, kuma in kunne ya ji waɗannan, ƙwaƙwalwa kan cike ta ƙasan da kanta. Bas ɗin da aka murɗe wa duk ƙarar sama aka bar kauri zalla tana girgiza mota, amma a salula babu ita. Tunda yawancin jama'a a salula suke jin waƙa, ta WhatsApp ko kart memwar, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Maganin shi ne a bar mata tsakiya: a ɗan ɗaga wajen 700 zuwa 1000 Hz, a kaɗa kusa da jaki in ana son ta fito fili, a rage wajen 200 zuwa 300 Hz in ta yi laka. Kwampiresa, na'urar da ke daidaita bugu mai ƙarfi da mai rauni, tana taimakawa in an sa ta da sauƙi, amma tana ɗaga duk wani ƙaramin kuka da hannu ya bari. Kafin a sallami waƙa, a saurare ta a salula mai arha. Ba mamaki da ake yawan samun masu bas a kujerar haɗa sauti: Mikey Coltun, mai bas na Mdou Moctar, shi ne ya haɗa faifan Afrique Victime na 2021.

A dandalin wasa lissafin daban ne. Igiyar sautin babbar Mi ta fi mita 8 tsawo, don haka abin da mai bas ke ji a gaban ampilinsa ba shi ne abin da na baya ke ji ba. A zaure mai bangon siminti, ajiye baful a lungu yana ninka kauri har ya rufe mawaƙi. A fili, ƙarƙashin rumfar biki ko a dandali marar rufi irin na cibiyar al'adu ta Umaru Ganda, ba bangon da zai taimaka, sai kaurin ya watse. Mai bas da ba ya jin kansa yakan ƙara ƙarfi, mai gita ya ƙara nasa, mawaƙi ya shiga ihu. Ɗaga ampili a kan kujera ya fuskanci kunne, da ƙara tsakiya maimakon kauri, sun fi murɗa maɓallin ƙarfi amfani. Wani daga cikin ƙungiya ya je tsakiyar fili ya saurara lokacin gwaji.

A duba bayan ampili kafin a haɗa baful: biyu masu om 8 in an haɗa su gefe da gefe sun zama om 4, kuma sauka ƙasa da abin da aka rubuta yana ƙona na'ura. Ampilin da ya fito daga Amurka na iya zama na volt 110 ko 120, alhali wutar Nijar 220 ce.

Akwai kuma haɗarin da ya wuce asarar kaya. Tsirkiyoyin gita a haɗe suke da jikin ampili ta cikin kabul. In wayar ƙasa ba ta nan, ko an karya ƙafarta don filogi ya shiga soket, ko ampili da kayan sauti suna kan layin wuta daban-daban, kamar ɗaya a injin wuta ɗaya a layin gida, to mai riƙe da tsirkiya da ya kai baki ga makirufo na iya zama hanyar da wuta za ta bi. Haka Leslie Harvey, makaɗin gita na ƙungiyar Stone the Crows, ya mutu a kan dandali a Swansea ta Birtaniya a 1972, kuma wutar lantarki ce ta kashe mawaƙiyar Faransa Barbara Weldens tana tsakiyar wasa a Yulin 2017. Duk kayan ƙungiya su sha wuta daga tushe ɗaya mai wayar ƙasa, kada a yi wasa ba takalmi a kan siminti ko ƙasa mai danshi, musamman da damina. In makirufo ya ɗan ciji leɓe ko tsirkiya ta yi tsir a yatsa, a kashe wuta a nemo mai gyara kafin a ci gaba.